Burtalin da Ke Cikin Kwamfutar Malam Mammadu

Malam Mammadu Jaji mutumin ƙasar Buji ne. A ruga aka haife shi, kuma har ya shekara tara bai san wani aiki ba sai bin maruƙa. Mahaifinsa bai so boko ba. Dagaci ne ya aiko cewa kowace ruga sai ta ba da yaro ɗaya, aka duba cikin yaran gidan aka ga Mammadu ne bai iya tatsa ba, sai aka ba da shi. Shi da bakinsa yake ba da wannan labarin, kuma ba ya dariya in yana bayarwa, masu sauraro ne suke yi.

Hannun da ya kasa tatsa sai ya iya zane. Ya yi karatun safiyo, ya kama aiki a Kano a ofishin zanen taswira. Da aka ƙirƙiro Jigawa aka kwaso su zuwa Dutse, su da akwatunan takardu a bayan babbar mota. Ya samu fili a Takur tun ana shuka gero a wurin, ya gina ɗaki biyu, ya ɗauko matarsa Hajiya Kaltumi, 'yar masuntan Haɗeja, wadda takan ce ta auri mutumin da ko tabarma zai shimfiɗa sai ya duba ko ta miƙe da bango. Shekara talatin da biyar ya yi yana zana fuloti da hanya da kwalbati da iyakar makaranta. Ba shi da yawan magana. Abin da aka san shi da shi fensir uku ne a aljihun gaba, kowanne da kaifinsa.

Bayan ya yi ritaya aka kira shi shaida a wata rigima tsakanin manoma da makiyaya a wajen Miga. Makiyaya suka ce nan burtali ne, hanyar shanu tun zamanin kakanni. Manoma suka ce su dai sun tashi sun ga ana noma wurin. Mai sasantawa ya juyo gare shi ya ce, “Malam, kai ne mutumin taswira. Akwai takarda?”

Babu takarda. Ya dawo gida yana tunanin duk taswirorin da suka bi ta hannunsa, babu ɗaya da ya taɓa zana hanyar saniya a kai, shi da aka haifa a ruga. Abin ya tsaya masa a rai. Daga wannan kakar ya fara hawa babur yana bin tsofaffi ruga-ruga, yana tambaya: daga ina shanu ke fitowa, ta ina suke ratsawa, a wane tafki suke sha. Ya tsaya a wurin ya ɗauki lambobin da ke nuna matsayinsa a taswira da waya, ya dawo ya shigar. Wanda ya fi kowa ba shi labari shi ne Ardo Idirisu na wajen Miga, dattijo da ya haura tamanin, wanda idonsa ya fara rauni amma yana iya jero mashaya ashirin bi da bi ba tare da ya tsallake ɗaya ba.

Kwamfutar da yake aikin da ita ta Nabila ce, 'yar ƙanensa marigayi, wadda ta tashi a hannunsa. Ta karanci kwamfuta, ta yi aure, tana aiki a Fatakwal. Laftof ɗin da ta yi jami'a da ita ta bar masa, tsohuwa, mai nauyi, amma tana da katin hoto na musamman da ke sa taswira ta fito tas. Ta saka masa Linux a ciki. Ta ce masa tsari ne da ba a saye, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suke gina shi, kowa na iya amfani da shi, haka ma manhajar taswirar. Wannan ya yi wa Malam Mammadu daɗi. Ya koyi abin da zai koya: inda zai danna ya buɗe, inda zai danna ya ajiye. Sauran kuwa ya bar wa Nabila. Abu ɗaya ta ja masa kunne a kai, in akwati ya fito yana neman a sabunta, ya ce to.

Shekara uku yana cewa to, lafiya lau.

Wata Talata da safe, cikin bazara, akwatin ya fito. Saura kwana tara a yi zaman da aka shirya a Miga, inda dagatai da ardo-ardo da manoma za su ga taswirar a karon farko kafin a yi shuka. Ya danna kamar kullum. Abin ya daɗe fiye da yadda ya saba, ya tambaye shi ko a share tsofaffin abubuwan da ba a buƙata, ya ce to. Kwamfutar ta kashe kanta ta sake kunnuwa. Sai fuskarta ta yi baƙi. A can ƙuryar sama ta hagu wani ɗan farin layi yana ƙyaftawa.

Ya jira. Fanka tana juyawa a ciki, har ya ji ɗan sautin da takan yi in ta gama tashi. Ya kashe ya kunna. Ya cire caja ya mayar. Ya goge gilashinsa. Hajiya Kaltumi ta shigo da kunu ta same shi ya dafa tebur da hannu biyu.

“Malam, lafiya?”

“Tana da rai,” ya ce. “Ina jin ta. Gani ne ba ta yi.”

Bai so ya kira Nabila ba. Cikinta wata takwas ne, kuma likita ya ce ta kwanta ta huta saboda hawan jini. Sai ya naɗe kwamfutar a cikin darduma ya ɗaure a bayan babur ya nufi shagon Ubaidullahi, mai gyaran kwamfuta da ke kan hanyar kasuwa, magidanci mai furfura a gemu wanda rabin ma'aikatan Dutse sun san ƙofarsa. Ubaidullahi ya kunna, ya duba, ya jona ta da wani sikirin na kan teburinsa. Shi ma baƙi.

“Baba, me ke cikinta?”

“Linux.”

Ubaidullahi ya jingina da kujera. “Gaskiya wannan ba layina ba ne. Abin da zan iya, in wanke ta gaba ɗaya in saka maka irin wanda kowa ke amfani da shi. Kafin azahar ka ɗauki abarka.”

“In ka wanke, aikin fa?”

“Sai mu fara kwashe shi.”

Ya kwance bayanta da ƙaramin sukundireba, ya zaro ma'ajiyar da komai ke ciki, ya jona da tasa kwamfutar. Wani akwati ya fito. Malam Mammadu ya matso ya karanta. Kwamfutar Ubaidullahi ce take cewa ba ta gane abin da ke ciki ba, ko a goge a shirya ta sabuwa? Ƙaramar kibiyar da ake dannawa da ita tana zaune daidai kan amsar e. Malam Mammadu bai san lokacin da ya riƙe wuyan hannun mutumin ba.

“Ba zan danna ba, Baba,” in ji Ubaidullahi a hankali. “Sake ni in cire.”

Ya sake shi, ya ba shi haƙuri. Ubaidullahi ya mayar da komai yadda yake, ya ɗaure, ya ce shi dai iyakar saninsa ke nan, kuma bai san wani a garin nan da zai ce ya je wurinsa da zuciya ɗaya ba.

Bayan la'asar ya kira Nabila. Muryarta a gajiye take, amma da ta ji bayani sai ta ce a gyara mata matashin kai.

“Baffa, danna Ctrl da Alt da F3, duka tare.”

Ya lalubo su da yatsu uku. Farin rubutu ya bayyana a kan baƙin.

“Ga rubutu,” ya ce.

“Alhamdulillahi. To sikirin ɗin bai mutu ba, aikinka ma yana nan. Direba ne.”

“Wane direba kuma?”

Ta yi 'yar dariya. Ta ce ba na mota ba. Wata ƙaramar manhaja ce da ke fassara tsakanin tsarin da katin hoto. Tsarin ya ce a zana kaza, ita ta gaya wa katin da yarensa. An sabunta tsarin, ita kuwa ba a sabunta ta ba, yanzu ba sa jin juna.

“To a sabunta ta mana.”

“Bari mu gani, Baffa.”

Kwana uku suka yi suna gani. Nabila tana kwance a Fatakwal tana faɗa masa harafi-harafi, shi yana zaune a Takur yana dannawa da yatsa ɗaya. Umarnin ba kalmomi ba ne da mutum zai riƙe, guntayen baƙaƙe ne da ɗigo da karan tsaye da na kwance. Ta ce tazara, ya manta tazara. Ta ce harafin el, ya saka lamba ɗaya. Kwamfutar ta amsa da dogon Turanci da ke gudu sama kafin ya karanta. Sai Hajiya Kaltumi ta ɗauki hoto da wayarta a tura, hasken taga ya ɓata hoton, a sauke labule a sake. Wani lokacin layi ya yanke suna tsakiyar umarni, ya zauna da hannunsa a sama, yana tsoron ya taɓa komai. Mutumin da ya koya wa ma'aikata da dama riƙe alƙalamin zane, ga shi yana tambaya ko babban baƙi ne ko ƙarami.

Abu na farko da ta sa shi ya yi shi ne kwafe aikin a filash. Da aka gama ya zare shi ya saka a aljihun gaba, ya riƙa taɓa wurin lokaci-lokaci.

A rana ta biyu ta gaya masa abin da ta gano. Kamfanin da ya ƙera katin ya daina fitar da direba ga irin nasa, sun ce ya tsufa. Tsohon direban ba ya shiga sabon tsarin. Da tsohon tsarin yana nan da sai a koma kansa, amma shi ne abin da aka share ranar da aka tambaye shi ya ce to.

“Ni na yi ke nan.”

“A'a, Baffa. Ni na ce ka riƙa cewa to.”

Akwai wani direban, ta ce, wanda 'yan sa kai suka rubuta da kansu ba tare da kamfanin ya nuna musu cikin katin ba. Yana yi wa wasu aiki, yana ƙi wa wasu. Suka cire na kamfani suka saka shi. Fuskar ta haska, ta nuna rabin hoto, ta daskare. A rana ta uku ta sa shi ya ƙara wata kalma guda a layin da kwamfutar ke karantawa in za ta tashi, kalmar da ke hana ta dogara da katin. Ya rubuta, ya danna, ya rufe ido. Da ya buɗe, ga hoton shanun da ya saka a bangon fuskar kwamfutar, ga akwatunansa.

Hajiya Kaltumi ta ce alhamdulillahi ta fita ɗora girki. Shi kuwa ya ƙura wa fuskar ido. Shanun sun yi faɗi sun gajarce. Komai ya yi girma ya baje. Ya buɗe taswirar, sai da ya ƙirga ashirin kafin ta fito. Ya ɗauko rula ya ɗora a kan gilashin ya auna murabba'in ma'auni da ke ƙasa. Faɗinsa ya fi tsayinsa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya so ya ƙara wata mashaya, akwatin shigarwa ya buɗe ya zarce ƙasan fuskar, maɓallin ajiyewa yana can inda kibiya ba ta kaiwa. In ya ja taswirar gefe sai ta yage gida biyu, ta tsaya, sannan ta haɗe. Hasken kuma ya maƙale a ƙarshensa, minti goma idonsa ya fara ruwa.

“Haka za ta zauna?” ya tambayi Nabila.

“Har in zo, Baffa. In na zo zan sauke komai in mayar da tsohon tsarin da hannuna. Ta waya ina tsoron mu yi ɓarna.”

Bai tambaye ta yaushe ba. Ya ji yadda take numfashi tsakanin kalmomi. Ya ce ta kwanta, Allah ya sauke ta lafiya.

Ranar zaman ya tafi Miga ta Kiyawa da Jahun, kwamfutar a kan cinyarsa a cikin motar haya. A wani ajin makaranta aka taru, mutum kusan talatin, manoma a gefe, makiyaya a gefe, dagatai biyu a gaba. An aro majigi, an rataya farin zanen gado a kan allo, janareta yana ƙara a waje. Ardo Idirisu ya zo da sandarsa, aka ba shi kujera a layin farko. Malam Mammadu ya durƙusa ya gaishe shi da Fulatanci, Ardo ya riƙe hannunsa ya ce yau zai ga tafiyarsa ta shekara saba'in a kan zane ɗaya.

Ya jona wayar majigin. Zanen ya yi shuɗi, da ɗan rubutu a tsakiya mai cewa babu abin da ke shigowa. Ya cire ya mayar. Ya danna maɓallan da Nabila ta taɓa nuna masa. Malamin da ya kawo majigin ya gwada da tasa kwamfutar, nan take hoto ya fito, ya mayar kan ta Malam Mammadu, shuɗi. Suka saka filash ɗin a ta malamin, fayilolin suka fito a jere, amma babu manhajar da za ta buɗe su, kuma layin wurin bai isa a sauko da ita ba. Ya fita ƙarƙashin darbejiya ya kira Nabila. Mijinta ne ya ɗauka, ya ce suna asibiti, an riƙe ta, amma da sauƙi. Malam Mammadu ya yi musu addu'a, bai faɗi abin da ya sa ya kira ba.

Da ya dawo, gumi ya jiƙa masa riga. Ɗaya daga cikin dagatan ya ce, “Malam, ko za ka yi mana da baki?”

Ya fara. Ya ce burtalin ya taso daga arewa da Tafkin Ɗorawa ya bi ta yamma da tsohuwar rijiya. Wani manomi mai matsakaicin shekaru ya ɗaga hannu cikin ladabi.

“Allah gafarta Malam, da baki ai mun sha ji. Kowa a nan yana da nasa bakin. An ce mana yau takarda za mu gani.”

Babu wanda ya ga laifin maganar, har shi Malam Mammadu. Ya ɗauki kwamfutar ya juya ta ga jama'a. Na baya suka miƙe, na gaba suka runtse ido. Ya kai ta gaban Ardo, ya durƙusa, ya riƙe masa. Dattijon ya kawo fuskarsa dab da gilashin ya daɗe yana dubawa.

“Wannan shuɗin fa?”

“Tafkin Ɗorawa ne, Ardo.”

“A'a. Tafkin Ɗorawa zagayayye ne kamar ƙwarya. Wannan dogo ne.”

“Na'urar ce ta ja shi. A ciki daidai yake.”

Ardo ya ɗago ya dube shi, ba da zargi ba. “To, in ka ce haka.”

Amma mutane sun ji. Aka ɗan yi ƙus-ƙus. Dagatai suka yi shawara suka ce a ɗage zaman sai an gyara, in Allah ya kai mu bayan damina. Kowa a ɗakin ya san me hakan ke nufi: za a yi shuka a inda aka yi bara, wataƙila a ƙara 'yan kunyoyi. Aka yi addu'a aka tashi.

Kwana huɗu bayan nan Nabila ta haihu, namiji, ta hanyar tiyata. Hajiya Kaltumi ta shirya yaji da daddawa da kayan jariri aka aika. Malam Mammadu ya yi farin ciki ƙwarai, kuma ya hana kowa ya yi mata zancen kwamfuta.

Shi kaɗai ya ci gaba da buga-buga. Ya je tsohon ofishinsu. Sabon shugaban wurin ya karɓe shi hannu biyu, ya sa aka kawo shayi, ya ce ba a saka baƙuwar manhaja a kwamfutocin ofis sai da izini daga sama, ya rubuto takarda. Ya rubuta ya kai, bai ji amsa ba. Ya je shagunan buga takardu guda biyu, duka suka ce ba sa saka abin da ba su sani ba a na'urar da suke cin abinci da ita. Sabuwar kwamfuta kuwa fansho bai kai can ba. Kafin a kwantar da Nabila a asibiti ta rubuta matsalar a wani dandalin masu amfani da Linux, ta turo masa adireshin. Yakan buɗe a wayar Hajiya Kaltumi. Mutum ɗaya ya nemi a turo wani rahoto daga cikin na'urar, wanda Malam Mammadu bai san inda yake ba. Wani ya ce nasa ma haka ya yi, yana jiran amsa. Daga nan babu wanda ya sake cewa komai.

Sai kuma wasu siraran layuka kore suka fara fitowa daga sama zuwa ƙasa, tun daga lokacin da aka kunna, kafin tsarin ma ya tashi. Ya koma wurin Ubaidullahi. Ubaidullahi ya duba ya ce wannan kam ya san shi, in layi ya fito tun da wuri haka, sau da yawa katin ne da kansa zafi ya fara cinyewa, kuma a jikin allon ciki yake, ba a canza shi. Amma ya ce ba zai rantse ba. Ya busa mata iska, ya share fanka, ya ce a riƙa ɗora ta a kan abin da iska za ta shiga ta ƙasa. Malam Mammadu ya dawo gida bai san ko direba ne ko kati ba, ko duka biyun.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Asabar da hantsi. Bayan kwana biyu saƙon murya ya shigo wayarsa daga wata lambar da bai sani ba. Ardo Idirisu ne, an riƙe masa waya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya tuno wasu mashaya biyu da bai faɗa ba, ɗaya a gabas da Kuka Uku, ɗaya kuma ta bushe tun shekarar fari, amma a saka ta, domin shanu sun sha a can. Ya ce a saka kafin ya sake mantawa.

Malam Mammadu ya saurara sau biyu. Ya duba kan tebur bai ga takarda a kusa ba sai katin ɗaurin auren wani maƙwabci. Ya juya bayansa ya rubuta sunayen, ya ja layi tsakaninsu, ya saka kibiyar arewa. Layin bai miƙe ba. Ya goge ya sake ja, sannan ya bar shi haka.

Hajiya Kaltumi ta leƙo ta ce ruwa ya sake saukowa har ya shigo zaure, ko zai zo ya duba indararon. Ya ce yana zuwa. Ya ɗan ƙara zama, sannan ya tashi ya nemi takalminsa.